Famfo, kwalba ko tsallaken iyaka: ina direban Damagaram zai sha mai?

Ranar Alhamis bayan la'asar ɗan ƙanwata ya iske ni a bakin Kasuwar Dole da sabon babur ɗin da ya karɓo bashi zai fara kabu-kabu. Da muka gama gaisawa ya ce, "Kawu, yaran tasharmu sun rabu biyu. Wasu famfo suke sha, wasu kwalba, kowa na rantsuwa nasa ya fi sauƙi. Ni wanne zan bi?" Na ce ya kafe babur ya zauna, don na fi shekara ashirin ina tuƙi tsakanin Damagaram, Magarya, Maraɗi da Kano, kuma amsar da zan ba shi a 2021 ta bambanta da wadda zan ba shi yanzu.

Mu fara da famfo, wato man gidan mai, tunda shi ne ma'aunin sauran. Tun 23 ga Yulin 2024 gwamnati ta saukar da litar fetur, wanda muke cewa esansi, daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. A bakinmu, inda tamma take sefa ɗaya, dala sefa biyar, jika sefa dubu, 499 dala ɗari ce ba tamma ɗaya, kuma tammar nan ba wanda ke tsayawa jiran canjinta, saboda haka ka riƙe a kanka cewa lita rabin jika ce. Wannan rabin jikar za mu yi ta komawa kanta. Farashin ɗaya ne ko a Yamai ka sha ko a nan, abin da ya daɗe yana sosa wa mutanen Damagaram rai, domin matatar SORAZ tana bayan gidanmu, kusan kilomita 50 a kan hanyar Tanut, wajen Bakin Birji. An buɗe ta a watan Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, ƙasar Nijar tana da 40, SONIDEP, kamfanin man gwamnati, kuma ita ke rarraba abin da aka tace. Ni ma ina cikin masu ganin garin da tankoki ke ratsawa dare da rana ya cancanci a duba shi. Amma idan ka waiwaya gefe, sai ka ga Burkina Faso ta kai litar fetur 850 a 2023, Chadi kuma, mai haƙo mai kamarmu, ta ɗaga daga 518 zuwa 730 a Fabrairun 2024. A cikin maƙwabtanmu masu kashe sefa, famfonmu yana cikin masu sauƙi.

Abin da kake saye a famfo ya wuce ruwan man. Kana sayen awo da za ka iya kallo da idonka, da mai da ya fito daga rumbun ƙarƙashin ƙasa rana ba ta dafa shi ba, da takardar shaida idan motar ta wani ce kuma za ka yi masa lissafi da dare. Sharaɗi ɗaya ne: ka sauko ka ga lambobin sun koma sifili kafin a ɗora maka. An taɓa yi mini wannan a wani gidan mai a kan hanyar Maraɗi, ina zaune cikin mota ina amsa waya, aka ɗora mini a kan ragowar mai babur ɗin da ya riga ni. Jika ɗaya ce kawai, amma jika ɗaya lita biyu ce.

Aibin famfo kuwa mun gan shi ƙarara a watan Maris na 2025, lokacin da layi ya miƙe a gidajen mai na ƙasar nan, mutane suka yi ta yini da kwana a kan lita kaɗan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru wani babban kaso na ababen hawanmu da man Najeriya yake tafiya, matata ba ta jin nauyinsu. Da man can ya yi tsada, duk aka juyo kan famfo, aka kuma rage farashi a kai, sai buƙata ta fi ƙarfin abin da SORAZ ke fitarwa. Wasu na tambaya, ina amfanin bututun nan na kusan kilomita 2,000 da aka ja zuwa gaɓar teku a Benin? Ɗanyen mai yake ɗauka zuwa kasuwar waje, ba ya ƙara ko lita ɗaya a abin da ake tacewa a Bakin Birji.

To, sai kwalba, ruwa-ruwa kamar yadda kowa ya san ta. Duk wanda ya tashi a Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam ya saba da teburin nan na bakin titi, kwalabe a jere, mazurari a rataye. Ba zan zagi masu wannan sana'a ba. Na san gidaje da yawa da tukunyarsu ke kan teburin nan, na kuma san samarin da ita ta raba su da zaman banza. Kuma shekaru da dama babu wata gardama a kanta: gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi, lita a hukumance ba ta kai naira 200 ba, mu kuwa muna sayenta a nan dala sittin ko saba'in lokacin da famfo ke dala ɗari da takwas. Mai kabu-kabu da ya je gidan mai a wancan zamani sai a ce bai san ciwon kansa ba. Ko da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jarkoki ba su daina shigowa ta daji ba, don ribar ta isa ta biya kowace wahala.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya hau mulki ya ce tallafi ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500 a arewacin Najeriya, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Daga nan lissafin ruwa-ruwa ya sauya, sai dai ba yadda mutane da yawa ke zato ba, kuma nan ne nake so mai karatu ya natsu. Jin "naira dubu" kan sa mutum ya ɗauka man Najeriya ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. Ya manta nairar ma ta faɗi a daidai wannan lokaci, jikarmu ta koma tana sayen naira fiye da da. Lambobi biyu ne ke motsi, farashin lita a can da canjin kuɗi, kuma duk wanda ya kalli ɗaya ya bar ɗaya zai yi kuskure.

Ga dabarar da nake amfani da ita, ba ta buƙatar takarda. Ka tambayi ɗan canji naira nawa yake ba da jika ɗaya yau, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne farashin famfonmu da kuɗin Najeriya. Idan lita a can ba ta kai wannan ba, tasu ta fi sauƙi; idan ta wuce, tamu ta fi. A ce jika tana naira 2,600, rabinta 1,300 ke nan. Idan ana sayar da lita naira 1,000 a Daura ko Kazaure, ta tashi kusan sefa 385, ka ga akwai rarar sama da sefa ɗari a kowace lita. A ce kuma jika tana naira 1,400 lita tana 650, to ta tashi kusan sefa 465, rarar ba ta kai dala takwas ba.

Wannan rarar, wa zai ci ta? Nan kwalba da tsallaken iyaka suka rabu. Direban da dama aikinsa ya kai shi Kano, ko ta Matamaye da Ɗan Barto da Kwangwalam, ko ta Magarya da Tinkim da Babban Mutum, ko mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ne ke cin rarar gaba ɗayanta, don daga famfon can take shiga tankinsa kai tsaye. Tanki mai lita 60 da rarar sefa ɗari jika shida ce a tafiya ɗaya, ba abin rainawa ba. Irin wannan direba ya tashi daga Damagaram da abin da zai kai shi da ɗan ƙari, ya cika a hanyar dawowa. Shawarata ya cika a cikin ƙasa, kada ya bari sai bakin iyaka, inda gidajen mai kan yi ƙaranci kuma farashi kan ɗaga. Ya kuma tsaya a tanki. Da zarar jarkoki sun hau bayan mota ya fita daga sahun matafiya ya shiga na masu fasa ƙwauri, kuma duwan, wato jami'an kwastan, na ɓangarorin biyu suna da hurumin kama kayan har da motar. Wanda kuma ba shi da abin yi a can, kada ya ce zai je don mai kawai: Magarya kaɗai ta kusa kilomita ɗari daga nan, zuwa da dawowa zai ƙone abin da ya je nema.

Mai sayen kwalba a cikin gari kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Kafin man ya iso teburin unguwarsu, wanda ya sayo a can ya ci, mai babur ɗin da ya ratso daji da jarkoki ya ci, an yi sallama a hanya, dillali ya ci, mai tebur ma dole ya samu na cefane. A da, rarar tana da faɗin da kowa zai yanka a bar maka saura mai kauri. Yanzu sau da yawa abin da ke isowa hannunka dala biyar ce ko goma, wani lokaci babu komai. Akwai ma ranakun da man da ke cikin kwalbar daga famfon garin nan aka ɗebo shi, aka ɗora riba a kai, musamman idan an fara jin ƙishin-ƙishin ƙarancin mai.

Sai batun awo, wanda na fi damuwa da shi fiye da farashi. Kwalba ba lita ba ce sai an cika ta inda ya kamata. A ce an sayar maka da kwalba sefa 450, kana murna ka tsira da dala goma. Idan abin da ke ciki ya gaza lita da kashi ɗaya cikin goma, ainihin litarka ta tashi sefa 500 daidai, wato kuɗin famfo, ba tare da tabbacin famfo ba. Kashi ɗaya cikin goma a wuyan kwalba ɗan yatsa biyu ne, ido ba ya kama shi idan kana sauri fasinja na jira. Ba duka masu tebur ke rage awo ba, na san waɗanda kwalbarsu ta fi ta wasu famfuna cika. Amma sai ka gwada za ka san da wa kake hulɗa.

Ingancin man ma abin dubawa ne, kuma yanayin garinmu ba ya taimakawa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalba tana zaune a rana tun hantsi, sassan man masu saurin tashi, waɗanda su ne ke sa inji ya kama da bugu ɗaya, suna ficewa. Da hunturu ƙura ce ke shiga ta mazurari da bakin jarka. Da damina ruwa ne, kuma ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a gindin jarka, wanda aka juye wa na ƙarshe shi ke kwasa. Tsohon babur ko tsohuwar Starlet mai kabureta suna haƙuri da wannan: ta fara shaƙewa, bakanike ya kwance ya wanke, ya goge buji, ka biya kuɗi kaɗan ka tafi. Motar da ke fesa mai da allura, mai famfo a cikin tanki, ba ta da wannan haƙurin. Na koyi haka a kan hanyar Gure da wata Corolla da nake ja, bayan na sha lita goma a wani ƙauye da dare. Ba mu yi nisa ba ta fara tari, da ƙyar muka shiga gari, aka sauke tanki aka tarar da ruwa da laka, famfon mai ya tafi. Abin da na biya ya fi rarar da zan samu a kwalba cikin wata uku, ban da yinin da na rasa da fasinjan da na mayar wa kuɗinsu.

Duk da haka akwai abubuwan da kwalba ke yi waɗanda famfo ba zai taɓa yi ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. Mai tebur yana nan ƙarfe goma sha biyun dare. Yana nan a ƙauyukan Dungas da Kance da bayan Mirya inda babu gidan mai ko ɗaya. Yana sayar da rabin kwalba ga wanda dala hamsin ce a aljihunsa. Mafi girma, yana ba da bashi: yaro ya fito da asuba ba ko tamma, a zuba masa lita ɗaya, ya biya da azahar. Ga mai kabu-kabu, minti talatin a layin gidan mai fasinja biyu ne ko uku, kuma kuɗinsu ya fi rarar lita ko asararta. Saboda haka ban ce wa ɗan ƙanwata ya ƙaurace wa kwalba ba. Na ce ya zaɓi mai tebur ɗaya da ya yarda da shi, ya riƙe shi don ranar buƙata.

Na yi masa lissafin babur ɗinsa a gabansa. A ce yana shan lita uku a yini, a famfo jika ɗaya da rabi ke nan. Idan kwalba ta fi sauƙi da dala goma kuma awonta cikakke ne, ya tsira da sefa 150 a rana, jika huɗu da rabi a wata. Kuɗi ne, ya isa juyen baƙin mai har da saura. Amma idan awon ya gaza ko kaɗan, jika huɗu da rabin nan ta narke, shi kuwa babur ɗin sabo ne, na bashi ne, kuma shi ne jarinsa gaba ɗaya. A ganina sabon inji da ake biyan bashinsa famfo ya kamata ya sha, a cika da sassafe ko bayan isha lokacin da layi ya ragu.

Akwai wani zaɓin da ke gaban masu shirin sayen motar haya, wato fetur ko gazuwal, kuma a nan ma tsohon sani yana yaudarar mutane. Kafin Agustan 2022 gazuwal yana sefa 538, fetur yana 540, kusan kai ɗaya, injin gazuwal kuma ya fi tsimin mai, don haka babu abin tunani. A Agustan 2022 ɗin aka ɗaga gazuwal zuwa 668, kuma ko bayan ragin 2024 tazarar sefa 119 ce a lita. Ma'anarta, sai motar gazuwal ta sha ƙasa da ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin su yi kunnen doki. A ƙaramar mota da wuya ta ci riba: idan ta fetur tana shan lita 7 a kilomita ɗari, sefa 3,493 ke nan, ta gazuwal mai shan lita 6 kuwa 3,708. A babbar mota mai ɗaukar kaya da mutane labarin ya juya. A ce Hiace ta fetur tana shan lita 14 a kilomita ɗari, kuɗinta 6,986, ta gazuwal tana shan 10, kuɗinta 6,180. Rarar sefa 800 ce da 'yan kai, kuma a zuwa Maraɗi da dawowa, kusan kilomita 470, ta kusa jika huɗu. Wanda ke wannan hanya kullum zai ga amfaninta a ƙarshen wata. Sai dai ya sani gyaran famfo da alluran gazuwal ya fi tsada, masu iya shi sun fi ƙaranci, kuma injin gazuwal ya fi kowane inji ƙin ruwa da datti. Mai irin wannan mota ba shi da abin yi da jarkar bakin hanya. Mai yawo cikin gari, daga Birni zuwa tasha zuwa asibiti, fetur ya fi masa.

Hanyar arewa da ta gabas ba sa buƙatar dogon bayani. Agadas ta kai kusan kilomita 450, Difa ta ɗan fi haka, gidajen mai suna da nisa da juna, kuma ba kullum za ka tarar da mai a cikinsu ba. A wajen Agadas akan samu man da ya gangaro daga Aljeriya da Libiya, amma ba abin da za ka ɗora tafiyarka a kai ba ne. Ka cika a Damagaram, ka ƙara a Tanut ko Gure ko da tanki bai yi rabi ba. Barin tanki ya kusa ƙafewa ma yana da nasa sharrin a motocin zamani, domin man da ke ciki shi ke sanyaya famfon cikin tankin.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma da gaske nake: kada tsoron ƙarancin mai ya sa ka tara jarkoki a ɗakin da iyali ke kwana. Tururin fetur yana bin ƙasa, yana iya kai wa ga murhu ko garwashin shayi daga nesa. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Yamai a watan Mayun 2019, da wata tankar mai ta kama wuta kusa da filin jirgi ta hallaka mutane sama da 50, sun san ba a yi wa wutar fetur gudu. Babu rarar da ta kai wannan.

Kafin ya tashi na sa ɗan ƙanwata ya sayi ƙaramin littafi na dala ashirin. Na ce ya cika tanki a famfo har baki, ya rubuta lambar kilomita, ya yi aikinsa, ranar da zai sake cikawa ya rubuta lita nawa ta shiga da kuɗin da ya biya da kilomitan da ya ci. Ya yi haka mako biyu. Sannan ya yi mako biyu da kwalba a wurin mutum ɗaya, yana rubuta kuɗi da kilomita haka nan. Ya raba kuɗin da kilomita a kowane ɓangare, abin da ya fito shi ne ainihin tsadar man a babur ɗinsa, da awo da inganci da komai a ciki. Na kuma ce ya duba iskar tayoyinsa kafin ya fara, don taya mai laushi tana shan mai, kada ya ɗora wa mai tebur laifin da ba nasa ba.

Ya ce, "Kawu, idan jika ta motsa a wajen 'yan canji fa?" Na ce to ya sake raba ta biyu, ya buɗe sabon shafi. Ya sa littafin a aljihun gaba, ya buga babur, ya nufi gidan mai kafin a kira magariba.